Mesa a Hannun Ɗan Adam: Tarihin Wani Sabo

Gabatarwa

Bahaushe ya yanke wa maciji hukunci tun a wurin raɗa masa suna. Kalmar “maciji” daga cizo ta fito, kamar yadda “maɗinki” ya fito daga ɗinki, “manomi” kuma daga noma. Ke nan a wurin mai harshen, cizo shi ne sana'ar wannan halitta. Idan dare ya yi ma ba a son kiran sunan, sai a sakaya a ce “igiyar ƙasa”. Mesa ba ta da dafi, amma hakan bai fid da ita daga wannan hukunci ba, sai ma ƙarin tuhuma da aka yi mata ta haɗiye awaki da 'yan maruƙa.

Duk da haka, a yau akwai gidaje masu ɗimbin yawa a Amurka da Turai da Japan inda ake kiwon mesa cikin akwatin gilashi, ana ciyar da ita, ana ɗaukarta a hannu kamar yadda muke ɗaukar kyanwa. Wadda aka fi kiwo ɗin kuwa 'yar Afirka ta Yamma ce, daga ramukan gonakinmu aka tono kakanninta. Wannan ne ya sa na bi sawun zaman mutum da mesa a tarihi, daga fadar Iskandariyya zuwa garin Wida, daga dandalin gardawa zuwa ɗakunan masu kiwo na zamani. Tambayar da nake neman amsarta guda ɗaya ce: a cikin wannan doguwar hulɗa, halin wa ya canza, na mesa ko na mutum?

Yunwa a Fadar Iskandariyya

Ɗaya daga cikin tsofaffin labaran horar da mesa yana cikin littafin Diyodoras, marubucin tarihi ɗan tsibirin Sisili, wanda ya rayu a ƙarni na ɗaya kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Ya ruwaito cewa Batlimus na Biyu, sarkin Masar da ya rasu a shekara ta 246 kafin haihuwar Annabi Isa, mutum ne mai sha'awar tara namun daji, yana kuma ba da lada mai tsoka ga duk wanda ya kawo masa abin da ido bai saba gani ba. Kwaɗayin wannan lada ya sa wasu mafarauta suka yi wa wani ƙaton maciji tsinke a ƙasashen da ke kudu da Masar, a bakin wata mashaya inda yake kwanton ɓaunar dabbobi.

A karon farko sun tunkare shi da igiyoyi, ya hallaka biyu daga cikinsu, sauran suka ranta a na kare. Da suka dawo sai suka sake dabara. Suka saƙa wani katafaren kwando irin wanda masunta ke kafa wa kifi, suka jira ya fita farauta, suka toshe bakin raminsa da duwatsu da ƙasa, sannan suka rutsa shi da karnuka da dawakai da ƙarar ƙaho har ya rasa mafaka ya faɗa cikin kwandon. Haka aka kai shi Iskandariyya. Diyodoras ya ce tsawonsa kamu talatin ne, wato sama da mita 13. Ba a taɓa auna mesa mai wannan tsawo ba, amma labarin mafarauta ba ya rasa ƙarin gishiri. Siffar da aka ba shi dai ta yi daidai da babbar mesar Afirka.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne yadda aka ce an horar da shi: an hana shi abinci har zafin ransa ya mutu, ya zama abin nuna wa baƙi. Mesa na iya yin watanni ba ta ci ba, kuma idan yunwar ta yi tsawo ƙarfinta kan ragu, motsinta ya yi sanyi. Wannan sanyin jiki ne mutanen fada suka ɗauka ladabi. Sai dai wanda ƙarfinsa ya ƙare ba a kiransa mai haƙuri. Abin da aka samu a Iskandariyya rinjaye ne kawai, kuma rinjaye irin wannan yana tare da ranar da za a koshi.

Wida: Garin da Ba a Ɗaga wa Mesa Sanda

A gaɓar tekun Jamhuriyar Benin ta yau akwai garin Wida, wanda a ƙarni na 17 yake ƙarƙashin masarautar Huweda mai hedikwata a Sabi. A addinin gargajiyar mutanen wannan ƙasa, mesa alama ce ta abin bautarsu da suke kira Dangbe, saboda haka kashe ta babban laifi ne. Wani ɗan kasuwa Baholande, Willem Bosman, ya bayyana wannan al'ada a littafinsa da ya fito a 1704. Ya ba da labarin yadda a 1697 wani alade ya kashe ɗaya daga cikin macizan, sarki ya ba da umarni a karkashe aladun ƙasar. Ya kuma shaida cewa macizan na shiga gidaje su kwanta inda suka ga dama, ba sa cutar da kowa, abincinsu ɓeraye.

A 1727 Sarki Agaja na Dahome ya ci ƙasar Huweda da yaƙi. William Snelgrave, wani Bature ɗan Ingila mai jirgin fataucin bayi, ya rubuta a 1734 cewa mayaƙan Dahome sun yanka macizan da suka tarar, suka gasa suka cinye. Amma al'adar ba ta mutu ba, su kansu sarakunan Dahome daga baya sun bar ta ta ci gaba. Har yau ɗakin mesa yana nan a Wida, yana fuskantar babbar majami'ar Katolika ta garin, da macizai gommai a ciki. Akan bar su su fita su yi farauta, wanda kuma ya tarar da ɗaya a ɗakinsa sai ya ɗauko ta a hankali ya mayar. Makamanciyar wannan al'ada tana yankin Idemili a ƙasar Ibo, inda ake yi wa mesar da aka kashe jana'iza, kuma Chinua Achebe ya gina wani muhimmin rikici na littafinsa Arrow of God na 1964 a kan yaron da ya kulle mesa cikin akwati.

Ko mutum ya yarda da aƙidar mutanen Wida ko bai yarda ba, akwai darasin tarihin halitta a cikin abin da suka yi. Na farko, jinsin da suka zauna da shi ba babbar mesa ba ce. Ƙarama ce, tsawonta bai cika wuce mita ɗaya da rabi ba, kuma idan ta tsorata takan cusa kanta cikin jikinta ta dunƙule kamar curin fura. Na biyu, macijin da tun ƙyanƙyasarsa ba a taɓa jifarsa ko ɗaga masa sanda ba, ba shi da dalilin ɗaukar mutum a matsayin abokin gaba. Mutanen Wida ba su horar da mesa ba, kansu suka horar a kan ƙyale ta. Abin baƙin ciki a tarihin wannan gari shi ne, a daidai lokacin da ran maciji ke da wannan alfarma, ta tasharsa aka fitar da bayi kimanin miliyan ɗaya zuwa ƙetaren Tekun Atlantika.

Gardi da Akwatinsa

A ƙasar Hausa labarin ya sha bamban. Labarin kafuwar Hausa Bakwai kansa da kisan maciji ya faro: Bayajidda ya sare kan macijin rijiyar Kusugu a Daura, wanda ya hana mutane ɗiban ruwa sai ranar Juma'a. Mesa kuwa mun fi saninta a hannun majema da dukawa, waɗanda ke mayar da fatarta jaka da takalmi. Amma muna da namu masu zama da maciji, su ne gardawa, masu wasa da kura da biri da macizai a kasuwanni. Sunansu ya kai ƙasashen waje bayan da Pieter Hugo, mai ɗaukar hoto ɗan Afirka ta Kudu, ya fara bin wata tawagarsu a 2005, ya ɗauke su da kurayensu da birai da manyan mesoshi.

Na taso ina ganin irinsu ranar kasuwar ƙauyenmu. Za a kaɗa ganga, jama'a su yi da'ira, gardi ya buɗe akwatin katako yana kirari, layu da guraye sun cika masa ƙugu, a ƙarshe kuma a sayar da maganin sara. Idan ka tambaye shi sirrin abin, zai ce maka gado ne da asiri, an ba shi ya sha an yi masa wanka tun yana yaro. Da na girma na karanta abin da masu kiwon mesa na zamani ke koyarwa, sai na riƙa tuna hannuwan gardin. Ba ya kai wa mesa cafka daga sama. Daga tsakiyar jiki yake tallafo ta, ya bar ta tana zarcewa daga wannan hannu zuwa wancan ba tare da ya matse ta ba, idonsa kuma kullum yana kan wuyanta. Bayaninsa na asiri ne, amma aikinsa na lura ne, lurar da aka tara daga kaka zuwa jika.

Wannan ba ya nufin sana'ar ba ta da aibu. Ƙaramin akwati da zafin rana da hayaniyar kasuwa azaba ce ga dabbar da ta saba da duhun rami. Wasu daga cikin macizan da 'yan kallo ke ganin sun yi laushi, gajiya ce ta kwantar da su, kamar ɗan'uwansu na Iskandariyya.

Cizo Iri Biyu

Abin da masu kiwo na ƙarni na 20 suka ƙara a kan sanin magabata shi ne rarrabe cizon mesa gida biyu. Akwai cizon tsoro. Mesa takan janye wuyanta ta lanƙwasa shi, ta yi huci, ta kai bugu sau ɗaya ta saki nan take. Manufarta a ba ta wuri. Akwai kuma cizon ci, inda take kamawa ta riƙe, ta nannaɗe abin da ta kama. Wannan kuskuren ganewa ne. Mesa da harshenta take ɗanɗanar ƙamshi a iska, kuma tana da 'yan ramuka a leɓenta da ke jin ɗumin jiki ko da a cikin duhu. Hannun da ya taɓa ɓera, mai ɗumi, ya shigo ta ƙofar da abinci ya saba shigowa, a wurinta ɓera ne. Haƙoranta sirara ne masu tsini, sun karkata baya kamar ƙugiya, layi huɗu a sama, biyu a ƙasa. Shi ya sa wanda ta riƙe ya fizge hannunsa yakan yaga namansa ya kuma karya mata haƙori, alhali da ya daure ya zuba mata ruwan sanyi da ta saki.

Daga wannan fahimta ƙa'idojin sabo suka fito. Sabuwar mesa akan bar ta mako ɗaya ko biyu ba a taɓa ta ba, har sai ta karɓi abinci. Daga nan a fara ɗaukarta na 'yan mintuna, sau biyu ko uku a mako, ana ƙarawa sannu a hankali. Ta gefe ake zuwa mata, domin a daji daga sama shaho ke sauko wa ƙananan macizai. Da yawa sukan fara shafarta da sanda mai ƙugiya kafin su sa hannu, har ta gane cewa wannan taɓawa ba ta abinci ba ce. Ba a ɗaukarta cikin kwana biyu bayan ta ci, don kada ta amayar, haka nan idan ta kusa yin saɓa, lokacin da idanunta ke yin hazo ganinta ya ragu. Ana wanke hannu kafin a taɓa ta saboda ƙamshin abinci, ana kuma wankewa bayan an taɓa saboda ƙwayoyin cutar salmonela da ke jikin dabbobi masu jan ciki.

'Ya'yan mesa sun fi manya saurin cizo, domin a daji kowa na iya cinye su. Idan ana ɗaukarsu a kai a kai ba tare da wani mugun abu ya biyo baya ba, yawancinsu sukan daina. Kalmarmu ta “sabo” ta fi “horo” dacewa da wannan. Ba a koya wa mesa biyayya, ba ta kuma neman yardar mai ita kamar yadda kare ke yi. Abin da ke faruwa shi ne tsoronta ke raguwa.

Daga Ramin Gafiya Zuwa Akwatin Gilashi

A 1802 masanin dabbobi George Shaw na Ingila ya sa wa mesar nan mai dunƙulewa sunan kimiyya mai ma'anar “ta sarauta”, wanda a yau ake rubutawa Python regius. Tana rayuwa daga Senegal har zuwa Sudan da Yuganda, cikin ramukan gafiya da tsofaffin suri. Halinta na ɓoye kai maimakon kai cizo, wanda ya ba ta mazauni a Wida, shi ne kuma ya mayar da ita haja. Tun daga 1975, shekarar da yarjejeniyar CITES mai sa ido kan cinikin namun daji ta fara aiki, an fitar da miliyoyinta daga Ghana da Togo da Benin. Da rani mafarauta kan tono matan da ke ɗauke da ƙwai, a tsare su har su saka, a ƙyanƙyashe, sannan a loda 'ya'yan a jirgin sama daga Akra ko Lome ko Kwatano.

A 1992 wani mai kiwo a jihar Okalahoma ta Amurka, Bob Clark, ya samu nasarar ƙyanƙyashe zabiyar wannan mesa a hannu. Daga nan kasuwar launi ta buɗe, aka riƙa haɗa jinsi ana fitar da zane iri-iri, wasu ana sayar da su dubban daloli. Amma abin da aka fi zaɓa shi ne kyan fata, ba lafiya ko hali ba, har wani zane da ake kira da sunan gizo-gizo yakan zo tare da larurar karkarwar kai. Duk da haka kiwo a hannu ya tona wani asiri. Wata gajerar mesa mai jan jiki ta Maleshiya da Sumatra ta daɗe tana da baƙin suna wajen cizo, a lokacin da waɗanda ake kawowa manya ne da aka kamo daga daji aka wahalar a hanya. Da aka fara haifarsu a hannu sai aka ga yawancinsu suna da sauƙin kai. Ashe abin da aka kira mugun hali, tabon kamu ne.

Akwai kuma abin da mai saye ba ya lissafawa. Wannan mesa kan rayu shekara 20 zuwa 30, kuma a 2020 wata da ke gidan namun daji na Sent Luwis ta saka ƙwai tana da kimanin shekara 62. A can gida kuwa, kowace uwa da aka tono daga gona an rage wa manomi mai kama masa ɓera. A 2021 ƙungiyar IUCN ta sanya jinsin cikin waɗanda suka kusa shiga barazana.

Iyakar Sabo

Bahaushe ya ce sabo turken wawa, kuma tarihin manyan mesoshi ya gaskata shi. Mesar Bama tana da sanyin hali, shi ya sa Amurkawa suka saye ta da yawa tana 'yar ƙarama. Cikin 'yan shekaru sai ta haura mita 3, ta fi ƙarfin akwati da aljihu. Wasu suka riƙa sakin nasu a fadamun Everglades na jihar Fulorida, wasu kuma ana danganta kuɓucewarsu da guguwar Andrew ta 1992. Suka hayayyafa, har wani bincike da aka buga a 2012 ya nuna cewa ganin wasu ƙananan dabbobin dajin ya ragu da fiye da kashi 90 cikin ɗari. A wannan shekara gwamnatin Amurka ta haramta shigo da ita, tare da babbar mesar Afirka.

A watan Agusta na 2013, a garin Campbellton na Kanada, wata babbar mesar Afirka ta sulale daga inda ake tsare ta, ta bi bututun iska ta faɗo ɗakin da wasu yara biyu 'yan'uwan juna suke barci, mai shekara 4 da mai shekara 6, ta hallaka su. Shekarun da ta yi a hannun mutane ba su rage mata ƙarfi ko ɗabi'a ba. Don haka masu kiwo na ƙwarai ba sa buɗe wa babbar mesa ƙofa su kaɗai, ba sa kuma barin ta kewaye wuyansu, kome daɗewar zamansu tare.

Kammalawa

Kare ya yi aƙalla shekara 15,000 tare da mutum, akuya da tunkiya kimanin 10,000, har jikinsu da halinsu suka sauya. Kiwon mesa a hannu bai wuce 'yan gomman shekaru ba. Mesar da ke cikin akwatin gilashi a yau, a ɗabi'a, ita ce dai ta ramin gafiya. Amsar tambayar da na fara da ita ke nan: mutum ne ya yi ta canza hannu. Ya gwada yunwa ya samu dabba mai rauni, ya gwada ƙyaliya ya samu maƙwabciya, ya gwada lura ya samu sabo, sannan ya gwada ciniki ya fara ƙarar da abin da yake so.

Abu biyu nake ganin sun rage a wuyanmu, mu da wannan halitta ke zaune a ƙasarmu. Na farko, a rubuta sanin gardawa da mafarauta tun masu shi suna raye, a tace lura daga cikin kirari, domin abin da ake bugawa a littattafan ƙetare a yau, wani ɓangarensa ya daɗe a hannun mutanen da ba a taɓa tambaya ba. Na biyu, a koya wa yaranmu bambance kububuwa da kumurci, masu kisa, da ƙaramar mesar da ke tsare musu rumbu. Yaron da ya san wannan bambanci zai tsira da ƙafarsa a gona, mesar kuma ta tsira da kanta.